Yadda Na Haɗa Kawu da Surukinsa a Launi Ɗaya

Huɗu na ci. Huɗu cikin ashirin. Kuma ba a ɓoye aka ba ni takardar ba, a gaban kowa shugaban ajinmu ya miƙo min ita yana cewa, "Mutumina, sai haƙuri," kamar wanda ya zo min ta'aziyya. Tes ɗin farko ke nan na kwas ɗin da muke ce wa Diskirit, shekarata ta farko a sashen kwamfuta.

Ni fa da na cike kwamfuta a fom, wani abu daban na hango. Na ga kaina a ɗaki mai sanyi, koren rubutu na gudu a allo, ina dannawa ina kurɓar lemo. Sai ga ni a ajin da fanka ɗaya ce ke juyawa, malaminmu Dakta na tsaye yana zana da'ira da kibiya da alli, wai wannan na'ura ce. Na'urar da ba waya, ba batir, ba wajen caji. "In ta ga sifili ta zauna nan, in ta ga ɗaya ta tsallaka can." Wata biyu muna kwas ɗin ban taɓa kibod ba. Kullum hujja. Ka san amsa, a ce bai isa ba, sai ka kawo dalilin da ya sa ba za ta zama wata ba. Ni kuwa a nan nake mutuwa.

Da Abba ya ga huɗun nan bai yi faɗa ba. Ya ninke takardar ya ba ni, ya ce, "In ka faɗi kwas ka ɗauko kariyoba a shekarar farko, ka dawo shago. Yadi ba ya tambayar digiri." Abba ba ya maimaita magana. Na hango kaina da almakashi ina auna shadda har tsufa.

Abin da ya rage min na ceto shi ne aikin gida mai maki ashirin. Dakta ya ce kowa ya nemo wani abu na gaske a rayuwa ya mayar da shi giraf, ya zo bayan hutun tsakiyar zango ya yi bayani a gaban aji. Giraf ɗin nan ba wani abin tsoro ba ne: ɗigo-ɗigo ne, sai ka ja layi tsakanin duk biyun da ba za su iya haɗuwa ba. Sannan ka shafa wa kowane ɗigo launi, amma biyun da layi ya haɗa kada su yi launi ɗaya, kuma ka yi da mafi ƙarancin launin da zai yiwu. Duk ajin mun shirya kawo jadawalin jarrabawa, tunda shi ne misalin da ke cikin littafi. Dakta ya ce duk wanda ya kawo shi sifili ne, kuma zai zana sifilin da kyau.

Kwana biyu na hutu ina kwance a falo ina danna waya, ba abin da ya zo min. Umma ta gaji da ganina ta ce, "Tashi ka kai wa Kawunka maganin ciwon ƙafarsa, ka yi kwana biyar ka sha iska. Ko bango ya gaji da kai."

Kawu yayan Umma ne, manomin rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Bazara ce, birni kamar tanda. Amma mota na wuce Kumbotso sai duniya ta fara canja kala, muna kusantar Kura kuwa ko'ina shar, shinkafa nan, masara can, kwandunan tumatir jere a bakin titi. Na sauka, ɗan acaɓa ya bi da ni gefen kanal, ni kuma ina ta ɗaukar bidiyo kamar baƙo daga Turai.

Wadda ta fara tarbata ita ce taubashiyata, 'yar Kawu, da ke aure gida uku daga nasu. Tun muna yara ba ma raga wa juna.

"Lale da Furofesa! An ce kwamfuta kake karanta. To wayata ta daina ƙara, gyara min."

"Ba irin wannan muke yi ba."

"To wane iri kuke yi?"

"Lissafi."

"Lissafin ma an ce huɗu ka ci."

Ashe Umma ta riga ni isowa ta waya.

Mijinta kowa Ango yake ce masa, duk da auren ya shekara biyu. Dogon mutum ne mai sanyin magana, yana koyarwa a makarantar Liman yana kuma noma tumatir. Da ni yana hira har da dariya. Amma na lura ko muryar Kawu ya ji daga nesa sai ya gyara hula.

Da la'asar na bi Kawu majalisarsu a gindin mangwaro. Maganar ruwa ake yi, don a bazara ba wata magana. Su takwas ne a kan ƙaramin kanal ɗaya, kanal ɗin ya rabu reshe uku: na farko gona uku, na biyu gona biyu, na uku gona uku. Ruwan kowane reshe gona ɗaya yake iya ƙosarwa a rana. Akwai wani tsoho da ke raba musu kwanaki, suna ce masa Sarkin Ruwa duk da ba wanda ya naɗa shi. A tsarinsa kowa sai bayan kwana biyar ruwa ke zagayo masa. Ga rana tana dukan tumatir, kowa na ƙorafi kwana biyar ya yi yawa.

Wallahi ina zaune sai na ji kamar an kunna min fitila a ka. Gona takwas, ɗigo takwas! Masu reshe ɗaya, layi! Rana, launi! Na zaro littafi daga jaka. Minti biyar ban cika ba na gama. Launi uku. Ja, shuɗi, kore. Kwana uku kacal, kowa ya sha! Na sake dubawa, na kuma dubawa. Na kalli tsohon nan yana ɓare rake hankali kwance, na ce a raina, Allah sarki, shekara da shekaru yana azabtar da bayin Allah da kwana biyar don bai yi Diskirit ba.

Na miƙe tsaye. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

"Iyayena, ku gafarce ni. Kwana uku ya isa."

Kowa ya juyo ya dube ni. Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, zauna."

"Kawu, ilimi ne. A jami'a aka koya mana." Na ɗaga littafin ina nuna musu. Na yi bayani, na ƙara da Turanci inda Hausa ta ƙare min. Da suka ji tumatir zai sha ruwa duk bayan kwana uku sai wuyoyi suka fara miƙewa. Wani ya ce, "Kai, boko ba ƙarya ba ne." Wani ya ce ai dama ya daɗe yana zargin kwana biyar ɗin nan.

Sarkin Ruwa ya karɓi littafin, ya riƙe shi a juye, na gyara masa. Ya ce, "Su wa ka sa gobe?"

"Masu ja. Kawu a reshen farko, Ango a na biyu, sai mutum ɗaya a na uku."

Ango ba ya wurin, don ba ya zama majalisar da Kawu yake. Kawu kuwa an kira shi gefe ana nuna masa wani buhun taki, bai ji ba. Na ga wasu sun kalli juna, wani ya rufe baki da hannun riga. Tsohon ya tauna rakensa ya tofar, ya ce, "To madalla. A gwada na ɗan boko. Kai za ka sanar da kowa ranarsa."

Na sanar da kowa ranarsa. Abin da ban yi ba shi ne gaya wa kowa da wa aka haɗa shi. Me zai sa? Reshe daban, ruwa daban, ba layi.

Da sassafe na riga kowa zuwa, na sa farar riga saboda hoton da zan nuna wa Dakta. Gonar Kawu da ta Ango suna kallon juna, 'yar siririyar hanya ce kawai a tsakani. Aka saki ruwa, ya taho yana sheƙi. Kawu ya iso a babur da saifon a kafaɗa, wato lanƙwasassun bututun roba da ake ɗora wa a gefen reshe su zuƙo ruwa zuwa gona. Ya tuɓe riga ya rataye, ya rage daga shi sai singileti, ya naɗe wando har gwiwa. Na ɗauke shi hoto. Komai na tafiya yadda littafi ya ce.

Sai ga keke daga nesa.

Kawu ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido. "Wancan wa nake gani?"

"Ango ne. Shi ma yau ja ne."

Ban taɓa ganin mai ciwon ƙafa ya yi sauri irin haka ba. Ya fizgo riga ya zura, ya saki ƙafar wando, ya ce, "Bari in duba masarar can," ya shige bayan masara ya ɓace. A can kuma Ango ya hango babur ɗin Kawu da takalmansa a bakin ruwa. Ya ja birki har keken ya yi tsalle, ya sauka, ya tura shi cikin gonar raken maƙwabci, shi ma ya ɓace.

Na tsaya ni kaɗai a tsakiya, da farar riga, ruwa na wucewa ta hagu da dama.

Na bi Kawu bayan masara. Na same shi tsaye yana duba ganye ɗaya kamar likita.

"Kawu, ruwa na wucewa fa."

"Bar yaron nan ya gama tukuna. Dashensa sabo ne."

Na tsallaka cikin rake. Ango na tsugune a gefen kekensa.

"Ango, Kawu ya ce ka fara."

"Ni? Baba bai sha ba in sha? A'uzubillahi. Ya gama a tsanake, ina nan."

"To ku yi tare mana! Reshenku ba ɗaya ba ne!"

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. "Tare? In tuɓe riga in shiga taɓo Baba na kallona? Shi ma ya tuɓe ina kallonsa? Haba ɗan'uwa. Kai a birni haka kuke yi?"

Gaskiyar magana a gidanmu mijin yayata da Abba tare suke kallon ƙwallo, har musu suke a kan fanareti. Ban faɗa masa ba.

Na koma wajen Kawu. "Ya ce kai za ka fara."

"Ka ce masa na yafe masa."

Na koma rake. "Ya ce ya yafe maka."

"Allah ya ƙara girma. Ka ce masa ban isa ba."

Sau nawa na yi zirga-zirgar nan? Na daina ƙirgawa a na shida. Ina cikin tafiya ta bakwai ko ta takwas sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ka so amma ta fi ƙarfinka. Don na gane abin. Na'urar Dakta ce! Da'ira ɗaya a bayan masara, da'ira ɗaya a cikin rake, kibiya ta tafi, kibiya ta dawo, ba ƙofar fita. Kuma ni ne kibiyar. Wata biyu ina kallon zanen nan a allo ban gane ba, yau ga shi ina gudu a cikinsa da takalmi sau-ciki.

Na ce to bari in ba da ruwan da kaina, ai ba wani abu ba ne. Na ga yadda suke yi: a nutsa saifon cikin ruwa, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a ɗan girgiza, a jefa shi cikin gona, ruwa ya biyo. Na nutsa, na toshe, na girgiza, na jefa. Ko ɗigo. Na sake. Iska kawai ta fito, fuu. A karo na uku na ƙara ƙarfi, ƙafata ta zame, na tafi gaba ɗaya cikin reshen Kawu, hannu ɗaya a sama riƙe da waya kamar mai ɗaga tuta.

Daga gindin wata bishiya na ji ana tari. Sarkin Ruwa ne. Ashe tun safe yana nan zaune, ya zo kallo. Dariya ta shaƙe shi har yana dukan cinya.

"Ɗan boko! Yau wane launi ne wannan, ja ko ruwan ƙasa?"

Da azahar aka rufe ruwa daga sama. Gonar Kawu ba ta sha ba, ta Ango ba ta sha ba. Sai da aka kira salla sannan kowannensu ya fito ta hanyarsa, suka bi hanyoyi biyu daban zuwa masallaci ɗaya. A ranar tsohon ya mayar da tsarinsa, ya roƙi wani ya ba Ango ranarsa saboda dashen kada ya ƙone. Da muna cin abinci Kawu ya ce min, "Uwarka ma haka take da rawar kai."

Washegari na zauna a tsakar gidan taubashiyata, rigata na shanye a igiya, ita tana yanka tumatir tana shanyawa a tabarma. Dariyar jiya ta gudu. Saura kwana uku in tsaya gaban Dakta, kuma kyakkyawan giraf ɗina mai launi uku ƙarya ne. Na yi tunanin in kai shi haka nan, wa zai zo Kura ya bincika? Amma Dakta irin mutanen nan ne da ke jin warin ƙarya tun daga bakin ƙofa.

"Ka sa maigidana ya wuni cikin rake sauro na cinsa," in ji ta. "Ko tuwo bai iya ci ba don kunya. Mu ga abin da ka zana ɗin."

Na nuna mata. Na ce layi na nufin ba za su sha ruwa rana ɗaya ba.

"To ina layin Baba da shi?"

"Ba reshe ɗaya suke ba."

"Kai dai an yi ɗan birni. Kawo biron." Ta goge hannu a zani, ta ja layi mai kauri tsakanin Kawu da Ango. "Wannan wa ye?"

"Ƙanin Liman. Reshensu ɗaya da Ango."

"Shi da Baba saifon ɗaya gare su, tare suka saya. In Baba na ban ruwa shi da me zai yi, da baki?" Ta ja layi. "Kuma shi da Liman, da ke reshen su Baba, babur ɗaya suke hawa, in ɗaya ya tafi gona ɗaya na gida saboda masallaci." Ta ja wani.

"Tsaya, tsaya, a hankali!"

"Ba na tsayawa. Ranar da Liman ke gona wa ke riƙe masa makaranta? Maigidana. Ja." Ta ja da kanta. "Wannan na ƙarshen reshen su Baba, tsohon soja ne ko? Gwiwarsa ta mutu, maigidana ke yi masa ban ruwa. Zai rabu biyu ne?"

Layi ya sake shiga. Takardata mai tsabta ta koma kamar saƙar gizo. Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ɗan yi tunani, sai ta fashe da dariya. "Tsohon soja da ƙanin Liman! Kai, waɗannan ko a jana'iza ba a jera su. Ba gaba suke ba, musu ne. In suka haɗu a bakin ruwa sai su manta da ruwan. Bara suna musu a kan wai ko mutum ya taɓa taka wata, ruwa ya cika gona ya fasa ya cinye albasar mutane. Tun ranar aka raba su."

Ta ja na ƙarshe ta jefo min biro. "Ga kwamfutarka nan."

Na zauna ina kallon ɓarnar da ta yi min. Na ce bari in gwada launi huɗu. Na ba Kawu ja. Ango ba zai yi ja ba, shuɗi. Liman reshensu ɗaya da Kawu, kuma yana da layi da Ango, kore. Tsohon soja yana da layi da duk ukun, rawaya. Ƙanin Liman... Kawu, layi. Ango, layi. Liman, layi. Soja, layi. Launi ya ƙare.

Na canja tsari na sake. Ya ƙare a wuri ɗaya. Na sake zana mutum biyar ɗin nan su kaɗai a sabon shafi, a zagaye. Kowane ɗaya da layi zuwa sauran huɗun. Layi goma cif, huɗu na reshe, shida na taubashiyata. Tauraro ya fito a tsakiya.

Sai na ajiye biron.

Ba sai na yi ta gwadawa ba! Mutum biyar, ba biyun da za su iya haɗa rana. Ko wa ya zo, ko wace kwamfuta aka kawo, dole kwana biyar, ƙasa da haka ba zai yiwu ba. Kuma biyar ɗin ya isa, tunda ga tsarin Sarkin Ruwa nan yana aiki, sauran gona ukun ya cusa su cikin kwanakin. Ba ƙasa, ba sama. Hujja ke nan! Abin da Dakta ke ta nema a wurinmu ke nan, ni kuma ina ba shi amsa tsirara!

Na yi wani ihu har kaji suka watse. Na taka tumatir ɗin da ta shanya. Ta biyo ni da muciya tana cewa, "Allah ya shirye ka, mahaukacin birni!" Na fice ba riga, na dawo na fizge ta a igiya da danshinta, na ruga gindin mangwaro.

"Baba Sarki! Baba Sarki! Tsarinka shi ne daidai! Na tabbatar! Duk duniya ba mai iya rage shi!"

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "To da can me ka zaci ina yi, caca?"

"A'a, nufina yanzu akwai hujja!"

"Jiya ba ka ga hujja ba? Ai kai ka yi wanka a cikinta."

Ranar Litinin na tsaya gaban aji. Na zana ɗigo takwas, na fara da launi ukuna na farko, na ba da labarin masara da rake. Da na rubuta "suruki" a kan layin Kawu da Ango ajin ya kece. Wata daga baya ta ce, "Wallahi haka babana yake da mijin Anti!" Na ja sauran layukan ɗaya bayan ɗaya, na fito da tauraron, na ce biyar dole, biyar kuma ya isa. Na ajiye alli ina haki.

Dakta bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Ya taso a hankali, ya tsaya gaban allon, ya sa yatsa a kan layi ɗaya.

"Waɗannan masu musun. A ce an sasanta su, sun daina." Ya goge layin da babban yatsa. "Yanzu kwana nawa? Kuma kada ka ce min ji kawai kake a ranka."

Wannan ban shirya masa ba. Na kalli allon, allon ya kalle ni. Na ji ƙamshin sabuwar shadda a hancina, wallahi na ji shi.

Sai na ga abin. Soja da ƙanin Liman yanzu za su iya haɗa rana.

"Huɗu, Dakta."

"Me ya sa ba uku ba?"

"Kawu, Ango, Liman da soja har yanzu kowa na da layi da kowa. Mutum huɗu, dole kwana huɗu."

"Sauran gona ukun fa? Wa ya ce za su shiga cikin huɗu?"

Na dube su. Reshe na uku, kowa layi biyu gare shi. "Kowannensu mutum biyu kawai yake gudu. In kwana huɗu ne, ko an cinye masa biyu, saura biyu. Ba yadda za a yi ya rasa."

Ya juya ga ajin ya ce, "Kun ji yadda ake yi." Ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ni ma shekara goma sha ɗaya ban taɓa cin abinci a gaban surukina ba. Na gaba."

Sha bakwai ya ba ni. Sha bakwai! Na fito daga ajin ina tafiya kamar ƙasa katifa ce. Na rungumi shugaban aji, na rungumi wani da ban ma sani ba, na sayi ruwan leda na kasa sha don dariya. Da aka haɗa da jarrabawar ƙarshe na tsallake kwas ɗin da C, kuma ban taɓa ganin harafi mai kyawunsa ba. Da na nuna wa Abba ya ce, "To," ya ci gaba da auna yadinsa, ya kuma ce in matsa ina tare masa haske.

Amma tun a ranar sha bakwai ɗin, a bakin ajin, na kira Kawu na ce don Allah ya miƙa wa Sarkin Ruwa waya.

"Baba Sarki, albishirinka! An gano hanya! Kwana huɗu zai yiwu!"

"Ɗan boko, kai ne kuma? Wa za mu ɓoye a rake wannan karon?"

"Ba kowa! Abu ɗaya ne kawai. A sa tsohon soja da ƙanin Liman su daina musu."

Sai na ji ya juya yana maimaita wa 'yan majalisa abin da na faɗa. Dariya ta tashi har wayar na ƙara. A cikin hayaniyar na jiyo wata murya mai kauri tana cewa ai shi bai taɓa musu da kowa ba a rayuwarsa, wata siririya kuma ta ce ƙarya ne, ko jiya ya yi. Mai kaurin ta ce jiya ba musu ba ne, gyara ne. Siririyar ta ce a kawo shaida.

Tsohon ya dawo kan waya. "Kana jin su?"

"Ina ji."

"To ka gaya wa malamin naku, haƙa sabon kanal ya fi sauƙi."